Babi na Biyar: Daren Zango a Hanyar Gwanja

Da zarar an gama girbin dawa, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai gidajen fatake su canza kama. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka biki za a yi. A zaure maza na ɗinkin mangala, ana gyaran akumari, ana shafa wa taiki mai don kada ya tsage a hanya. A cikin gida turmi ba ya hutawa: wannan na kirɓa dakuwa, waccan na suyar ƙuli-ƙuli, an shanya kuka da kuɓewa, an ƙulle daddawa da yaji ƙunshi-ƙunshi. Yara kuwa ba su da zance sai na Gwanja, ƙasar da ba su taɓa gani ba amma sun haddace sunayen garuruwan hanyarta kamar sun yi sawu goma.

Tafiyar da ake wa wannan shiri ba ta kwana bakwai ba ce. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda cur, in ciniki ya yi nawa ko damina ta tare hanya. Saboda haka mai gida zai cika rumbu kafin ya tashi, ya biya bashin da zai iya biya, ya bar wasiyya kan wanda bai biya ba, ya damƙa amanar iyalinsa ga wa ko ƙane. Sai a je wurin malam ya duba ranar da ta dace a fita, a yi sadaka, a bi dangi gida-gida ana sallama. Duk da nauyin wannan rabuwa, ɗoki ne ke rinjaya, musamman a zuciyar saurayin da za a fita da shi karon farko. Ya ga yadda ake kallon waɗanda suka je suka dawo, yadda ake matsa musu wuri a dandali, yadda bakinsu ke ɗauke da kalmomin Dandanci da na Dagwamba. Ya san in ya dawo lafiya da ɗan abin hannunsa, maganar aurensa ta tashi daga wasa.

Akwai tambaya guda da ta fi kowace yawo a kasuwa a irin wannan lokaci: bana wa zai ja ayari? Falke ba ya tambayar kuɗin goro a Salaga kafin ya tambayi sunan madugu da sunayen waɗanda za su bi shi. Ya san cewa kafin ya ga riba sai ya kwana ɗari ko fiye a daji tare da waɗannan mutane. In abokan tafiya na kirki ne, rabin wahalar ta ragu tun ba a ɗaura wa jaki kaya ba.

Hanyoyin Gwanja ba ɗaya ba ne. Wasu ayarin kan bi ta Sakkwato da Jega su ƙetare Kwara ta wajen Illo ko Gaya. Wasu kan gangaro ta Zariya da Birnin Gwari, su ratsa ƙasar da a yau muke kira masarautar Kontagora, su ƙetare kogin ta wajen Yawuri ko Busa, su shiga Borgu. Daga nan sai Nikki, sai Jugu, sai Sansanin Mango ko Yandi, har a sauka Salaga, babbar kasuwar da goron kurmin Asante ke haɗuwa da kayan Arewa. Abin da ake kaiwa ya haɗa da kanwa, da baƙin turkuɗi irin na Kura, da riguna, da jar fata, da kayan doki, da busasshen ganyen albasa. Abin da ake dawowa da shi, galibi, goro ne.

Baturen nan Hugh Clapperton, a tafiyarsa ta biyu, ya haɗu da irin wannan ayari a Kayama cikin 1826, ayarin yana dawowa daga Gwanja zai nufi ƙasar Hausa. Ya ƙiyasta mutanen ciki, maza da mata, sun haura dubu, dabbobin kaya ma kamar haka. Shi kansa da ya ƙetare Kwara a kusa da Busa, ta yankin Kontagora ya biyo: ya yada zango a Kulfo, wadda a lokacin kasuwa ce mai ci, ya wuce Birnin Gwari da Zariya har Kano. Garin Kontagora bai kafu ba tukuna. Sai a 1864 Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa shi, bayan an naɗa shi Sarkin Sudan a 1859. Wato hanya ta girmi birnin, kuma sawun jakai ya daɗe a wannan ƙasa kafin a tayar da ganuwa.

Mutum dubu a kan hanya ɗaya gari ne mai tafiya, kuma gari ba ya zama babu shugabanci. Madugu shi ne uban tafiya. Shi ke yanke ranar tashi da wurin sauka, shi ke magana da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, shi ke raba gardama. Jagaba na gaba, ya san inda hanya ta rabu, inda rafi ke da mashigi, inda 'yan fashi suka saba kwanto. Ubandawaki na kula da tara kuɗin da za a biya a kowace ƙofa da kowane mafitar ruwa, ya raba wa kowa gwargwadon kayansa. Akwai malamin ayari, mai jan salla da rubuta lissafi da wasiƙa. Akwai makaɗa, waɗanda gangarsu ke tayar da mutane da asuba ta kuma sanar da na baya cewa na gaba sun sauka. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya zauna da tsofaffin fatake a Kano da wasu garuruwa ya kuma fitar da littafi kan fataucin goro a 1980, ya nuna cewa wasu zuriyoyi uku ne suka fi riƙe wannan sana'a a ƙarni na 19: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari waɗanda cibiyarsu ke Gummi. Waɗannan na ƙarshe ba su ne Kambarin ƙasar Kontagora da Yawuri ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Amma abin da nake son mai karatu ya tsaya ya duba da kyau shi ne abin da ke faruwa bayan an sauke kaya.

Ana tashi tun duku-duku don a ci hanya kafin rana ta take. In ta yi zafi sosai, jakai sun fara sunkuyar da kai, sai a nufi zango. Zangon kan kasance a bayan gari, kusa da ruwa, inda akwai inuwar kaɗanya ko ɗorawa ko tsamiya da kuma ciyawar da dabbobi za su ci. A wasu wuraren akan tarar da bukkokin da ayarin baya ya bari, sai a ɗan gyara a shiga. Inda babu, samari su bazu daji su yanko kara da ciyawa, kafin la'asar bukkoki sun tashi. Ana tara kaya a tsakiya, a ɗaure dabbobi kusa, kowane mai gida ya kama gefensa da yaransa. Matan da ke cikin ayarin, waɗansu matan fatake, waɗansu masu neman na kansu, su kafa murhu. Daga ƙauyukan kusa sai a ga mata sun fito da itace da hatsi da kaji, Fulani da ƙwaryar nono, a yi musaya da wuri ko da ɗan gutsuren kanwa.

A wannan ɗan lokaci, tsakanin la'asar da lisha, ake ƙulla abin da ke riƙe ayari. Ba wanda ke buɗe akushi bai ce wa na kusa da shi bismilla ba, ko da jiya suka fara ganin juna. Wanda wutarsa ta riga kamawa, daga wurinsa kowa zai ɗebi garwashi. Wanda guzurinsa ya ƙare ba sai ya roƙa ba, maƙwabcin bukkarsa ya riga ya lura. Tsoho ya zama Baba ga samarin da ba 'ya'yansa ba, mai tuwo ta zama Inna ko Gwaggo, kuma sunan ba na fatar baki ba ne, domin in yaro ya kwanta zazzaɓi ita za ta dama masa kunu. In an idar da salla a bayan malamin ayari, sai a zagaye wuta. Nan ake jin labarin hanyar gobe daga bakin wanda ya bi ta sau da yawa, nan ake tatsuniya, nan ake wasan da ya daɗe tsakanin al'ummu: Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafulatani ya tsokani Babarbare, Bakatsine da Banufe kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Wannan wasa ba ƙaramin aiki yake yi ba a wurin da gajiya ta sa zuciya kusa. Maganar da za ta iya zama faɗa sai ta bi ta hanyar dariya ta wuce.

Sau da yawa in ana ba da irin wannan labari akan ce mutanen da ne ke da kirki, na yanzu sun lalace. Ban yarda da wannan fassarar ba, domin tana rage wa fatake daraja. Su ma mutane ne, akwai marowaci a cikinsu, akwai mai zafin rai, akwai mai hannun ɓera. Abin da suka yi shi ne sun gane cewa hanya ba ta barin mutum ya isa shi kaɗai, sai suka mai da taimakon juna doka. Ɗauki ɗaurin kaya kawai. Mutum ɗaya ba ya iya ɗora wa takarkari kaya daidai, dole wani ya riƙe ɗaya ɓangaren, in ba haka ba kayan ya karkace ya ji wa dabbar ciwo. Kullum da asuba kana bukatar hannun wani, shi ma yana bukatar naka. Wanda ka hana garwashi da dare, da wane ido za ka kira shi da safe?

Haka ma gadi. Dare a dajin da ke tsakanin Birnin Gwari da bakin Kwara ba na barci da minshari ba ne. Akwai kura, akwai zaki a wancan zamani, akwai kuma mutum, wanda ya fi su duka haɗari. Ana raba dare, wasu su kwanta wasu su zauna da kwari da baka. Mai barci ya miƙa ransa da dukiyarsa ga mutumin da bai san gidan ubansa ba. In gari ya waye lafiya, wani abu ya shiga tsakaninsu wanda shekara goma ta gaisuwar kasuwa ba za ta haifar ba.

A dawowa aikin ya fi yawa, domin goro ɗan lallaɓa ne. Ana jera shi cikin huhu, a lulluɓe da ɗanyen ganye, kuma ba a barin sa haka har Kano. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance, a tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Mai huhu da yawa ba zai gama nasa shi kaɗai ba kafin duhu. Don haka ranar duba goro ranar gayya ce, a gama na wannan a koma na wancan, ana hira ana tauna wanda ya fashe. Ga kuma asarar dabbobi: jakin Arewa ba ya jure cizon tsando, in aka gangara kudu sammore kan kashe da yawa. Wanda jakinsa ya faɗi a tsakiyar daji, kayansa sai an rarraba wa dabbobin 'yan'uwa, in ba haka ba jarinsa ya zama na gara.

Mafi nauyin amana ita ce ta mutuwa. Ba kowa ke dawowa ba. In falke ya cika a hanya, abokan tafiyarsa ne za su yi masa wanka da sutura, malamin ayari ya sallace shi, a binne shi a gefen zangon da ba wanda zai sake gane kabarin. Dukiyarsa kuma a lissafa a gaban shaidu, a riƙe har a isar wa magada. Ka yi tunanin mutumin da zai tsaya a ƙofar gidan da bai taɓa shiga ba, ya yi sallama, ya ce ga abin da wane ya bari. Gidaje da yawa sun ƙulla zumuncin da ya kai ga auratayya daga irin wannan sallama.

Ƙetare Kwara ma wata jarrabawa ce ta haƙuri. Ayari mai girma ba ya haye kogin a yini ɗaya. Sai madugu ya daidaita da masu jirage kan kuɗin fito, sannan a fara ɗiba kaɗan-kaɗan, mutane da kaya a cikin kwalekwale, dabbobi ana jan su suna iyo. Waɗanda suka riga hayewa ba sa wucewa. Za su kafa zango a wancan gaɓar su jira har na ƙarshe ya taka tudu.

Ba zan rufe wannan hoto ba tare da faɗin abin da ke bayansa ba. Wutar zango ba kowa ta ɗumama daidai ba. A cikin masu ɗaukar kaya a ka akwai bayi, kuma a cikin abin da ake kaiwa kasuwa akwai mutane. Salaga ta yi suna da goro, ta kuma yi suna da cinikin bayi. Ƙasar Kontagora kanta ta ɗanɗani wannan da ɗaci. Hare-haren da aka yi a zamanin Nagwamatse, wanda ya rasu a 1876, da na ɗansa Ibrahim da ya hau a 1880, sun watsa garuruwan Kambari da Kamuku da Gwari da dama, mutane suka koma kan duwatsu da cikin surƙuƙi. Jikokin waɗannan mutane suna nan, maƙwabtanmu ne a kasuwa da makaranta, kuma labarin da kakanninsu suka bar musu game da ƙurar da ke tasowa daga nesa ba irin namu ba ne. Wanda zai yabi zumuncin fatake, ya kamata ya iya riƙe wannan a zuciyarsa lokaci guda. Yaron da aka ɗaure a gefen bukka yana jin dariyar da ake yi a bakin wuta, kuma ba da shi ake yi ba.

Abubuwa da dama suka taru suka kwance ayarin Gwanja. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya yi rauni. Yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa Salaga, malamai da fatake suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Karaci ta ƙasar Gana ta yau ya zauna har rasuwarsa a 1934. A nan gida sojojin Gwamna Lugga suka shiga Kontagora a farkon 1901, Sarkin Sudan Ibrahim ya fice, daga baya aka mayar da shi kan gadonsa a 1903. Gwamnatin Turawa ta ɗora wa ayari harajinta, ta kuma soke shi a 1907. Amma abin da ya gama da doguwar tafiyar ƙasa shi ne jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Goro ya fara bin teku daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, dogo ya isa Kano a 1911, aka gama gadar Jabba a 1916. Abin da jaki ke kaiwa a wata uku, jirgi ya kai shi a 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin gidan Agalawa, ɗan madugu, ya taso a tsohuwar hanya, ya kuma kasance cikin na farkon da suka rungumi sabuwa. Dogon bai bi ta Kontagora ba, ta Zungeru da Minna ya bi. Sai da zamanin mota ya zo garin Kontagora ya sake zama mararraba, inda titin da ya taso daga Makwa zuwa Yawuri da Sakkwato ya haɗu da wanda ya fito daga Tegina da wanda ya nufi Rijau da Zuru.

Zangunan kuwa ba su mutu ba, da yawansu sun zama unguwanni. Inda ayari ya saba sauka, wani falke kan gaji da tafiya ya zauna, ya gina gida, ya zama fatoma mai saukar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu dillali, ya tsaya musu in an yi rikici. Malam ya biyo, mahauci ya biyo, wanzami ya biyo. Haka aka sami Zangon Kumasi, da Sabon Zango a Ankara ta Gana, da makamantansu a Lome da Kwatano. A waɗannan unguwanni za ka tarar da Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Bayarabe da Bawangare suna salla a masallaci ɗaya, Hausa ce harshen da ya haɗa su. Har gwamnatin Gana ta kafa ma'aikata mai kula da raya unguwannin zango a 2017. Dokar da aka koya a bakin wuta, cewa baƙo na da haƙƙin ruwa da tabarma kafin a tambaye shi sunansa, ita ce tubalin da aka gina su da shi.

Abin sha'awa, a daidai lokacin da tafiyar dole ke ƙarewa a wurinmu, a Ingila wasu suka fara yin irinta don nishaɗi. Wani likitan sojan ruwa mai ritaya, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki a kan ƙafafun keke, dawakai na ja, ya fita da shi yawo a 1885 daga kudancin Ingila har Sukotlan. Masu sha'awar abin suka yi yawa har suka kafa ƙungiya a 1907, kuma tana nan har yau. Yanzu mota ke jan ɗakin, a ciki akwai gado da murhu da wurin wanka. Iyali kan shafe hunturu suna duba taswira, suna lissafin ranar da hutu zai zo, suna gyaran ɗan gidan nasu. In lokacin ya yi sai su nufi filayen da aka tanada a bakin teku ko gindin duwatsu, kowa ya kafa nasa kusa da na wani. Abin da masu wannan al'ada suka fi yabawa shi ne halin maƙwabtan fili: mutumin da a birni zai shekara bai gai da na gidan kusa ba, a can shi ne zai fito ya taya baƙo daidaita motarsa, ya ara masa abin da ya manto, yaransu su shiga wasa tare kafin a gama sauke kaya. Ba su da 'yan fashi a bayansu, ba su da goron da zai lalace. Duk da haka, da bango ya zama siriri kuma kowa ya bar matsayinsa a gida, sai gaisuwa ta dawo. Suna biyan kuɗi su sami ɗan abin da fatake suka samu dole.

Mu ma ɗokin bai bar jininmu ba, sai dai ya sauya riga. Dubi masu zuwa Maulidi a Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyas a Sanagal. Tun da sauran watanni ake zuba adashi, ana tambayar wace mota za a bi, wa zai shugabanci tafiya. Ana kwanaki a hanya, a sauka a yi girki a gefen titi, a shimfiɗa tabarma a kwana a fili, kuma wanda ya je zai gaya maka cewa mutanen motarsu sun zama 'yan'uwansa. Dubi masu zuwa wa'azin ƙasa, motoci jere da tutoci, 'yan agaji na nuna wa kowace tawaga inda za ta sauka. Dubi direbobin manyan motoci da ke kwana a Makwa da Tegina da bakin Kontagora. Suna da mai shayinsu da mai abincinsu a kowane masauki, kuma in motar ɗaya ta lalace a daji, da wuya ɗan'uwansa ya wuce bai tsaya ya ce, "Oga, lafiya? Me ya samu?" ba. Ko motar haya ce ta mutu da dare tsakanin gari da gari, kafin awa guda za ka ga fasinjojin da suka yini ba su ce wa juna uffan ba sun fito da burodi da ƙosai da ruwa, wata Hajiya ta karɓi jaririn wata tana jijjigawa, wani ya haska wa makanike fitilar wayarsa.

Wurin yawon hutu ma Allah bai hana mu ba. Gandun dajin Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗe dajin Borgu da na Zugurma, ɓangarensa na Zugurma na nan kudu maso yamma da Kontagora. Tafkin kansa ya samu ne bayan kammala madatsar ruwa a 1968, wadda ta shanye tsohon garin Busa, mafitar da ayari suka yi ƙarnuka suna bi. A ƙasar da hankali ke kwance, malamin makaranta zai kwashi ɗalibansa ya kai su can su kwana biyu a tanti, su ga dorina da gwanki da idonsu, a nuna musu ta inda kakanninsu suka ƙetare da jakai. Magidanci zai ɗebi iyalinsa bayan Salla su je bakin ruwa su gasa kifi tare da wasu iyalan da ba su sani ba.

Wannan ba ya yiwuwa a yau, kuma kowa a yankin ya san dalili. 'Yan bindiga sun addabi Mariga da Rijau da Mashegu da Rafi. A watan Mayun 2021 aka kwashe yaran wata Islamiyya a Tegina, suka shafe kusan wata uku a daji. Dazuzzukan da ya kamata su zama wurin shaƙatawa sun zama maɓoya. Manomi na tsoron gonarsa, balle mai yawon buɗe ido. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda tsoro ke cinye amanar da matafiya suka gada. Direban da a da zai taka birki in ya ga mutum na ɗaga hannu a daji, yanzu ƙara wuta yake yi, kuma ba wanda zai zarge shi. Ƙauyen da a da zai fito wa baƙo da ruwa, yanzu sai ya fara tambayar wa ya aiko shi.

Sai dai tsoron ya dawo da wani tsohon abu. A shekarun da hanyar Birnin Gwari ta yi tsanani, motoci sun daina shiga ɗai-ɗai. Akan taru a bakin gari a jira, har a yi yawa, sannan a tashi tare, sau da yawa da rakiyar jami'an tsaro ko 'yan sa-kai. A wurin jiran ana tambayar waɗanda suka fito yadda suka baro hanya, ana karɓar lambar wayar juna, ana yarjejeniya cewa in tayar ɗaya ta fashe sauran za su tsaya. Akwai direban da kowa ke so ya shige gaba domin ya san kowace kwana da kowane rami, akwai dattijon da ake cewa ya yi addu'a kafin a tayar da inji. In an fita daga dajin lafiya aka iso inda ake ganin fitilun gari, sai a tsaya, fasinjoji su sauko, mutanen da ba su san sunan juna ba su yi ta musabaha suna yi wa juna barka, sannan kowace mota ta kama hanyarta.